Mai Ajiya ta Biyu

Yammacin wata Talata ne cikin kaka, masara ta shigo gida, rana ta yi ja ta sauko kan itatuwan darbejiya na bakin unguwa. A gidan Hajiya Ladidi, can ƙarshen Funtua ta hanyar Bakori inda gari yake ƙarewa gonaki su fara, ba abin da ya raba ranar da sauran ranaku. An kwashe shanya, an kora kaji akurki. Ladidi na zaune a kan kujerar tsugunno tana tsintar wake, 'yarta Mansura kuma ta ɗauki laftof ɗinta ta shige siton hatsi, kamar yadda ta saba kowace yamma shekara uku ke nan.

Mansura kurma ce. Sanƙarau ya kama ta tana 'yar shekara huɗu, ya bar mata rai ya tafi da jinta, magana kuma ta bi bayan jin a hankali, kalma bayan kalma, har ta ƙare. An kai ta makarantar kurame ta Malumfashi. A can ta koyi karatu da maganar hannu, ta yi ƙawaye, an ce har tsegumi ta iya da yatsu. Da ta gama sai ta dawo gidan da ba mai iya amsa mata. Mahaifinta ya rasu. Yayanta Almustapha, wanda ya ɗan iya maganar hannun, ya sami aiki a Fatakwal ya tafi. Ladidi kuwa mai sarin hatsi ce, yau tana kasuwar Bakori gobe tana Dandume, ba ta taɓa zama ta koya ba. Ta ciyar da yarinyar, ta tufatar da ita, ba ta taɓa barin wani ya zage ta a gabanta ba, a ganinta kuma ta gama sauke nauyi. Iyaye da yawa a nan suke tsayawa, kuma ba mai ce musu komai.

Kafin Almustapha ya tafi ya bar mata tsohuwar laftof ɗinsa, ya zuba mata wata manhaja da suke kira emuleta. Aikinta shi ne ta sa kwamfuta ta kwaikwayi irin na'urorin gem na da, waɗanda ake jonawa da talabijin, don a iya buga wasanninsu a ciki. Wasa ɗaya ne ya kama ran Mansura, na wani ɗan matafiyi da ke ƙetare koguna da duwatsu yana neman hanyar garinsu. Tafiyar doguwa ce, ba ta zama ɗaya ba ce, don haka wasan yana da gurbin ajiya guda biyu. In ka gaji ka ajiye inda ka tsaya, gobe ka ɗora daga nan. Gurbin sama na Mansura ne. Na ƙasan ma a cike yake, sai dai ba wanda ya taɓa leƙawa balle ya tambayi ko na wane ne.

A makon nan ne wata maƙwabciya ta kawo filash mai hotunan biki aka soka wa laftof ɗin, tun daga nan ta fara nauyi tana maƙalewa. Da safiyar Talatar Ladidi ta ɗauke ta, ba tare da ta tambayi mai ita ba, ta kai wa Abdulwaheed mai gyaran kwamfuta a kusa da tasha. Bayarabe ne haifaffen Funtua, magidanci mai 'ya'ya uku, Hausa a bakinsa kamar ta kakan wani. Ya wanke ta tas, ya zuba mata antibairos. Ya ce wa Ladidi wannan mai gadi ne, duk wani mugun abu da ya shigo zai cafke shi ya kulle. Maganar ta yi mata daɗi, don ita mace ce mai son kwaɗo da mukulli.

Ba ta gama tsintar waken ba ta ji ƙara daga sito. Wata irin ƙara ce daga can cikin maƙogwaro, irin wadda mai yin ta ba ta san ƙarfinta ba. Mansura ta fito a guje da laftof a buɗe ta tura ta gaban uwar. Gurbi biyun nan duk fayau, kamar ba a taɓa taka ƙafa a wasan ba, a kusurwar fuskar kwamfutar kuma ga wani jan akwati da rubutun Turanci. Ta ajiye ta a ƙasa, hannuwanta suka shiga magana da sauri, tana nuna sito, tana ɗaga yatsu biyu, tana dukan ƙirjinta. Ladidi ta kalle ta har ta gaji.

"A kan wasa?" ta ce, ko da yake ta san ba a jin ta. "Mace kamar ki, a kan wasan yara?"

Ta yi mata nuni da buta. Ladan ya ɗaga murya daga masallacin bakin hanya. Bai kai ƙarshen kiran ba wani abu ya faɗo a kan kwanon rufi, kwam, ya gangaro ya faɗi tsakar gida. Totuwar masara ce, busasshiya. Ta biyu ta biyo ta, sai ta uku.

Ladidi ba matsoraciya ba ce. Ta zari sanda ta fita ta zagaya bayan gida tana tsine wa 'ya'yan unguwa, ba ta ga kowa ba sai karan masara a tsaye cikin duhun almuru, ko iska ba ta kaɗa shi. Ta dawo ta tarar totuwa na ta sauka, ɗaya bayan ɗaya, ba gaggawa, kamar mai jifan yana da yini guda a gabansa. Daga sama suke zuwa, daga inda babu itace babu katanga. Da aka kira isha'i jifan ya tsaya cak.

Haka aka yi ran Laraba. Ran Alhamis maƙwabta suka taru a ƙofar gida suna kallo, wasu mazan suka hau katanga da fitila, suka sauko jikinsu a sanyaye. A ranar ne kuma, bayan mutane sun watse, Ladidi ta ji an kira ta daga cikin sito. Sunanta tsirara aka kira, ba Hajiya ba komai, a hankali, da muryar tsohuwa. Tun rasuwar uwarta ba wanda ya kira ta haka. Ta tsaya da tsintsiya a hannu, ta ƙi amsawa, ta ƙi kuma waiwayawa.

Duk wannan abin Mansura ba ta ji ko ɗaya ba. Rufi na ƙara a kanta, unguwa ta ruɗe, ita tana zaune a kan buhu cikin sito ta zuba wa gurbi biyu ido. Ta ƙi fara sabon wasa. Tuwon da aka miƙa mata a nan yake hucewa.

Ran Juma'a bayan an sauko Ladidi ta aika aka kira Abdulwaheed. Ya shigo da sallama yana dariya.

"Hajiya, ina wuni? Aka ce gidanki ana ruwan totuwa. Da na sani da na zo da buhu, matata Yetunde ta sami abin hura wuta."

"Kai dai Wahidi, bakinka ba ya hutu. Shigo ka ga ɓarnar da ka yi min. Na kai maka abu lafiya lau ka mayar min da yarinya mahaukaciya."

"Lafiya lau? Hajiya, ki ji tsoron Allah. Bairos ɗin da na kwashe a cikinta ya isa a raba wa unguwar nan kowa ya samu."

Ya zauna a bakin ƙofar sito ya ɗora laftof a cinya, Mansura ta durƙusa kusa da shi. Bai daɗe ba ya gano inda matsalar take. Ya ce mai gadin yana da wani ɗan ɗaki da yake killace duk abin da bai yarda da shi ba, kuma yakan yi kuskure, musamman da irin waɗannan tsofaffin wasannin. Ga ajiyar nan duka biyun a ciki, ba a goge su ba. Ya fito da ta farko ya mayar da ita wurinta. Da Mansura ta ga ɗan matafiyinta a tsaye inda ta bar shi, a bakin wata gada, sai ta rufe baki da hannu biyu. Nan take kuma ta ɗaga masa yatsu biyu tana girgiza su.

Ya fito da ta biyu. Ta bayyana a gurbinta, ba a yi ƙiftawar ido uku ba jan akwatin ya faɗo, ta ɓace. Ya sake, aka sake kama ta. A karo na uku ya buɗe inda mai gadin yake rubuta dalilinsa, ya daɗe yana karantawa, dariyar nan ta bar fuskarsa. Ya zaro biro da takarda daga aljihu ya rubuta wa Mansura: Wa ke buga ta biyun?

Ta karɓa ta rubuta: Ƙawata.

Ya rubuta: Tana ina?

Ta nuna kusurwar sito, can ciki bayan buhunan masara, inda haske ba ya kaiwa. Ta ci gaba da rubutu, shi kuma yana karanta wa Ladidi da murya ƙasa-ƙasa. Ta ce kullum in ta rufe laftof ta tafi sallar magariba, in ta dawo sai ta tarar ajiya ta biyu ta matso daidai inda ta tsaya. In ta maƙale a wani wuri ta kwana biyu ba ta wuce ba, sai waccan ta ɗan yi gaba kaɗan ta tsaya, don ta buɗe ta ga hanyar da aka bi. Ba ta taɓa yi mata nisa ba. Shekara uku suna tafe tare, saura gada ɗaya su isa.

"Hajiya," in ji Abdulwaheed, "ta farkon kuskure ne aka kama ta. Wannan kuwa mai gadin yana cewa tana canza kanta ba hannun kowa a kai. Yanzu haka da muke zaune motsi take yi." Ya nuna mata rubutun. "Ana iya ce masa ya kau da kai daga wurin nan, ko in cire shi gaba ɗaya. Minti biyu ne. Amma abin da ke bayan haka ba a koya min shi ba."

"Ba za a cire ba," in ji Ladidi. "Ashe shi kaɗai ne mai ido a gidan nan. Shekara uku wani abu na zaune da 'yata a ɗaki, kai kuma kana ce min in buɗe masa ƙofa?"

"Shekara ukun dai bai cuce ta ba, Hajiya."

"Kai ka haife ta?"

Ta karɓe laftof ɗin. Mansura ta riƙe gefe ɗaya da dukkan ƙarfinta, sai da uwar ta ɓamɓare yatsunta ɗaya bayan ɗaya. Ta kai ta ɗakinta ta kulle a akwati, ta dawo ta garƙame wa sito kwaɗo, ta ɗaure mukullan a haɓar zane.

Yammar ranar totuwa ko ɗaya ba ta faɗo ba. Shirun ya fi jifan nauyi. Ko kaji ba su yi hayaniyar shiga akurki ba, hayaƙin murhu ya miƙe sama sak. Mansura ta shimfiɗa tabarma a tsakar gida ta zauna tana fuskantar ƙofar sito, bayanta a miƙe, hannuwanta a kan gwiwa ba motsi. Ladidi na alwala ladan ya fara kira. Yarinyar ta juyo da kanta a hankali, ta dubi uwarta cikin ido, ta buɗe bakin da ya shekara goma sha takwas bai haɗa kalma ba.

"Ladidi. Buɗe min."

Butar ta suɓuce daga hannunta.

Kwana biyar aka yi a haka. Da rana Mansura tana kwance kamar wankakken tsumma, jiki zafi, ba ci, ruwa ma sai an ɗura. Da rana ta faɗi sai ta tashi zaune ta faɗi kalmomin nan da muryar tsohuwa, ta yi ta maimaita su har isha'i, sannan ta zube. Ƙasusuwan wuyanta suka fito. Ladidi ta bar zuwa kasuwa, amma ba ta kwance mukullan ba, kuma ba taurin kai kaɗai ya hana ta ba. Akwai wani abu da ba ta faɗa wa kowa ba: tun daga la'asar take fara jiran magariba. Muryar ba ta 'yarta ba ce, ta sani sarai. Amma daga bakin 'yarta take fitowa, kuma da ita ake magana.

Rana ta shida, da ta ga yarinyar ta kasa ɗaga kai, ta aika Tsiga aka ɗauko Malam Jibo a babur. Dattijo ne manomi, siriri, da ƙaiƙayin gona a rigarsa, an san shi da karatu da rashin son hayaniya. Ya kori matan unguwa da suka cika tsakar gida. Ya saurari labarin tun daga filash har zuwa kwaɗo, ya ce shi bai san kan kwamfuta ba, a kira wanda ya sani, a fito da ita a ajiye a fili. Abdulwaheed ya zo ya zauna daga gefe, yau ba wasa a bakinsa. Malam ya daka ganyen magarya ya zuba a ruwa ya yi tofi, ya zauna a kan buzunsa yana jira.

Rana ta faɗi. Mansura ta tashi zaune. Malam ya ce a bari a yi salla tukuna, aka yi, tana ta maimaita kalmominta a bayansu. Da suka sallame ya fara karatu da murya a kwance, bai ɗaga ba bai sauke ba. Ya daɗe. Jikin yarinyar ya ɗauki rawa, yatsun ƙafarta suka lanƙwashe, gumi ya jiƙe mata kallabi.

"Ya isa haka, Malam," muryar ta ce. "Ni ma ina da abin da kake karantawa. Zafi ne kawai kake ƙara wa yarinya."

"To, baiwar Allah, in kina da shi kin san hukuncin shiga jikin da ba naki ba. Wace ce ke?"

"Tsohuwa ce. A nan aka haife ni, lokacin wurin nan kurmi ne. Aka sare aka yi gona, muka zauna. Aka yanka gona aka yi gidaje, aka kawo injin niƙa da janareto, mutanena suka ce ba za su iya ba, suka yi yamma. Ni ƙafata ba ta tafiya. Na nemi ɗakin da ya fi shiru a unguwar na shiga."

"Sai kika sami yarinyar mutane."

"Ita ta same ni. Ta shigo da ɗan haskenta ta zauna. Wata uku ina kallo kafin in taɓa. Ranar da ta ga an taɓa, ba ta yi ihu ba, ba ta watsa min ruwan tofi ba. Gyara zama ta yi ta matsa gefe ɗaya na buhun." Muryar ta ci gaba, "Ba na jin maganar hannunta da farko, amma na koya. Ba wuya, Malam. Zama ne kawai."

Ladidi ta sunkuyar da kai.

"Me kike so?" in ji Malam.

"A sallami mai gadin nan. A buɗe sito. Mu koma yadda muke."

"Da ranar da kika fara jifa kika tsaya a nan, da sai a duba. Yanzu kin san hanyar jikinta. Gobe in ranki ya ɓaci nan za ki koma. Dubi wuyanta, kwana shida ke nan. Wannan aikin ƙawa ne?"

Can kan yarinyar ya juya wajen uwar, da bakin ya sake buɗewa kuma ba muryar tsohuwa ce ta fito ba. Wata 'yar siririyar murya ce, ta yarinya ƙarama mai ɗan tsamin baki.

"Inna. Inna, zo ki gani."

Ladidi ta yi wani irin sauti kamar an naushe ta a ciki. Ta rarrafa ta kama ƙafafun Mansura. Abdulwaheed ya kau da fuska.

"Muryarta tana nan a ajiye a cikinta, ba abin da ya taɓa ta," muryar tsohuwar ta dawo. "Ki ce wa Malam ya naɗe buzunsa, Ladidi. Ki bar ni in riƙa shiga kaɗan-kaɗan. Kullum da safe za ta gaishe ki. Za ta kira ki Inna har ki gaji."

Malam ya buɗe baki zai ci gaba da karatu, Ladidi ta ɗaga masa hannu.

"Malam, dakata."

"Hajiya, ba ita ke magana ba. Ita tana can ƙasa a danne, ba ta ma san an kira ki ba."

"Na ji. Na ce ka dakata." Ta share fuska da gefen mayafi ta dubi idanun da ke kallonta. "Ke da kika iya maganarta. In kin san Allah ki faɗa min gaskiya. Me take cewa a kaina?"

"Kina so ki ji?"

"Da ba na so ba zan tambaya ba."

"Ba ta zaginki. Takan ce kina da ƙoƙari, takan ce ƙafarki na ciwo kina ɓoyewa. Abu ɗaya ne take yawan faɗa. Ta ce ba kya taɓa kafaɗarta sai in za ki aike ta."

Duhu ya riga ya cika tsakar gidan, ba wanda ya tuna da kunna fitila. Ladidi ta daɗe a durƙushe. Ta ɗora tafin hannunta a kan ƙafar yarinyar, ta ji yadda ƙashi ya fito, ta ji zafin jikin kamar tukunyar da aka sauke yanzu.

"Ashe gaisuwar ma aike ne," ta ce a hankali. "Ni in ji daɗi, ita ta biya da jikinta. Ba na so. Fita daga jikin 'yata. Na gode da zaman da kika yi da ita, Allah Ya sani na gode, amma fita."

Da muryar ta sake fitowa ta tsufa fiye da da.

"To. Abu ɗaya zan roƙa. Kar a goge tawa ajiyar. Ranar da aka kama ta na riga na gano yadda ake ƙetare gadar nan, na tsaya a wancan gefen ina jiranta. A mayar da ita wurinta, ta buɗe ta ga hanya."

Malam ya dubi Abdulwaheed. Shi kuma ya ce ana iyawa. Malam ya dubi Ladidi, ta gyaɗa kai.

"An yarda," in ji Malam. "Ke kuma ki yi alkawari da sunan Wanda ya halicce mu da ku, ba ke ba jikinta, ba ke ba gidan nan. Ina za ki?"

"Yamma, in ƙafa ta kai ni. In ba ta kai ba, inda ta tsaya." Ta yi alkawarin sau uku kamar yadda ya nema. Sannan ta ce, "Ku ce mata ba fushi na yi ba. Ku rubuta mata, tun da ba ku iya faɗa ba."

Malam ya ɗora karatu. Mansura ta yi atishawa sau uku masu ƙarfi, ta sulale a jikin uwarta. Can bayan gida karan masara ya yi wata 'yar ƙara, kamar mutum na ratsawa a hankali yana hutawa, har ƙarar ta yi nisa ta ɓace.

Kafin Abdulwaheed ya tafi ya buɗe laftof ɗin, ya fito da ajiya ta biyu ya mayar da ita gurbinta. Bai taɓa mai gadin ba, bai ce masa ya kau da kai ba. Suka zuba ido suna jiran jan akwatin. Minti ɗaya, minti biyar. Bai zo ba.

"Ta daina motsi," ya ce, ya rufe.

Mansura ta sha kunu washegari, bayan mako guda ta miƙe. Aka ba ta takardar da Abdulwaheed ya rubuta saƙon tsohuwar a ciki, ta karanta sau biyu ta ninke ta soke a kallabi, ba ta yi kuka a gaban kowa ba. Ta koma sito da yamma kamar da. Ta buɗe ajiya ta biyu ta ga ɗan matafiyin a tsaye a ƙetaren gada, ta ga hanyar da aka bi, amma ba ta ƙetare da nata ba. Kullum in an kira magariba sai ta rufe laftof ta je ta yi salla, ta dawo ta buɗe ta duba. Kullum yana nan inda yake.

Ladidi takan gan ta ta ƙofa. Kwana tara tana zuwa bakin ƙofar tana juyawa, don mace ce da ta iya ciniki da dillalai goma a tsaye, amma ba ta san da wace ƙafa ake shiga ɗakin nan ba. A rana ta goma, bayan ta sallame magariba, ta shiga. Siton na warin sabuwar masara, ba haske sai na fuskar kwamfutar. Ta tsaya a bayan yarinyar, ta miƙa hannu ta taɓa kafaɗarta.

Mansura ta ajiye laftof nan take ta miƙe tsaye, tana duban hannuwan uwarta ta ga abin da za a ɗauko.

Ladidi ta danna kafaɗar a hankali har yarinyar ta koma ta zauna. Ta tattare zaninta, gwiwoyinta na ƙara, ta zauna a ƙasa kusa da buhun. Ba ta ɗauke hannun ba. Mansura ta daɗe tana kallonta, tana jiran aiken.